Ƙibar Yaro: Kada Mu Yi Wa Rogo Kallon Kitse

Yau ina so mu tattauna a kan wani al'amari wanda na san waɗansunku za su yi dariya in sun ji, su ce Malama ta rasa abin faɗi. Maganar kuwa ita ce ƙibar yara 'yan makaranta da 'yan mata masu tasowa. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, a wannan marra da kowa ke neman na sawa a bakin salati, wa ke ta ƙiba?" To, ki ɗan ba ni aron hankalinki, 'yar uwa, don kuwa yunwar da kike tsoro da ƙibar da nake magana a kai daga tukunya ɗaya suke fitowa.

Ni dai ina koyarwa ne a wata makarantar firamare a ƙasar Minjibir, arewa da birnin Kano. Wanda ya san ƙasar nan ya san ƙasar noma ce, gona na jikin gona, ba a barin ko taki ɗaya ya huta. Gero da dawa da gyaɗa da wake su ne arzikinmu, ga kuma lambuna a bakin madatsar ruwa ta Wasai. Yaran ajina yawancinsu sirara ne, waɗansu ma tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Masu ƙiba a cikinsu ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Amma lokacin da nake 'yar makaranta ban tuna da ko ɗaya ba a ajinmu, yanzu kuwa kusan kowane aji ka shiga sai ka gani.

Akwai wata yarinya a ajina wadda ita ce ta sa na fara sa ido a kan wannan abu. Ran nan mun fita filin wasa, na ce su yi tsere daga gindin darbejiya zuwa bakin katanga. Kafin ta kai rabi sai ta durƙusa tana haki kamar wadda ta sha gudun ceton rai, sauran yara kuwa suna ta sowa suna kiranta da sunayen banza. Da na je ɗaga ta sai na lura bayan wuyanta ya yi baƙi ƙirin, fatar ta yi kauri. Na je gidansu da yamma. Uwar ta ce mini ta sha dirje wurin da soso da sabulu, dauɗar ta ƙi fita. Kakarta kuma ta ce, "Malama, ki bar mana 'yarmu, jikin hutu ne, kuma gado ne." Da ƙyar na shawo kansu aka kai ta asibiti. Can aka gaya musu baƙin nan ba dauɗa ba ne, alama ce da kan fito wa mai ƙiba idan jikinsa ya fara gazawa wajen sarrafa sukari, kuma in ba a tashi tsaye ba ciwon sukari na iya biyo baya. Yarinyar nan fa ba ta cika shekara 12 ba.

Wace ƙiba ake nufi?

Ba kowane yaro mai kumari ne ke da ƙibar da ake gudu ba. Akwai mai ƙashin girma, akwai mai jiki a murɗe saboda aiki. Wadda ake gudu ita ce ta taruwar kitse fiye da kima, har ya zama nauyi ga zuciya da gaɓoɓi. Ma'aikatan lafiya sukan auna nauyin yaro da tsawonsa, sa'an nan su gwada da jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 don yara 'yan shekara 5 zuwa 19, na maza daban na mata daban. Idan nauyin ya ɗara abin da ya dace da tsawo da shekaru sai a ce nauyi ya yi yawa, idan kuma ya zarce da nisa sai a ce ƙiba ce sosai.

Akwai kuma wata dabara mai sauƙi da za ki iya yi a tsakar gida ga yaron da ya kai shekara 5. Ki sami zare ki auna tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ki yanke, ki ninka shi biyu. Sa'an nan ki zagaya shi a cikinsa, daidai ɗan saman cibiya. Idan zaren ya haɗu, to madalla. Idan ya ƙi haɗuwa, watau kewayen cikin ya wuce rabin tsawonsa ke nan, sai ki kai shi a duba. Amma ki lura, yaron da ke da ƙaton ciki da siraran hannuwa da ƙafafu ba ƙiba ce ke damunsa ba, wannan tamowa ce ko tsutsar ciki, shi ma asibiti ne maganarsa.

Yaya yawan abin yake?

Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 1975 yara da matasa masu ƙiba sosai a duniya duka ba su wuce miliyan 11 ba. A 2016 sun kai miliyan 124, a 2022 kuwa sun kai miliyan 160. Idan aka haɗa da waɗanda nauyinsu ya yi yawa amma bai kai ƙiba sosai ba, adadin ya haura miliyan 390 a 2022, watau yaro ɗaya cikin kowane biyar. A 1990 kashi 8 ne kawai cikin 100.

A watan Satumba na 2025 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ba da sanarwar cewa a karo na farko masu ƙiba sosai a cikin 'yan shekara 5 zuwa 19 sun fi ramammu yawa a duniya, kashi 9.4 da kashi 9.2 cikin 100. Yankuna biyu ne kawai ramammu suka fi yawa har yanzu, Afirka kudu da Sahara da kuma kudancin Asiya. Mu muna cikin na farkon.

Saboda haka ba zan ruɗe ku ba, babbar matsalarmu a nan har yau ita ce rashin isasshen abinci mai gina jiki. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Amma wannan binciken dai shi ne ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Kun ga ke nan a gida ɗaya ana iya samun uwa mai ƙiba tana goye da ɗa tsumburarre, ga kuma yayarsa tana neman bin sawun uwar.

Yunwa da ƙiba 'yan gida ɗaya ne

Wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe. Yaron da ya sha yunwa tun yana ciki, ko a shekara biyun farko na rayuwarsa, jikinsa yakan koyi tattali, ya riƙa adana duk abin da ya samu. Idan ya girma ya tarar da zaƙi da maiƙo a araha, sai jikin ya yi ta tara kitse, musamman a ciki, kuma shi ya fi saurin kamuwa da ciwon sukari da hawan jini.

An ga haka a ƙasar Holan. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1944 zuwa 1945, an yi wata muguwar yunwa a yammacin ƙasar. A 1976 masana suka buga sakamakon nazarin da suka yi a kan samari 300,000 'yan shekara 19 da aka auna don shiga soja. Sai aka ga waɗanda yunwar ta sami iyayensu mata a farkon watannin cikinsu sun fi sauran yawan ƙiba. To, ki dubi yawan yaranmu da suka tsumbure, ki kuma dubi abin da ake sayarwa a bakin makarantunmu, za ki gane dalilin da ya sa hankalina ya tashi.

Ina kuɗin tara ke tafiya?

Dalili na farko shi ne canjin cima. A da uwa takan ɗumama tuwo da safe, ko ta dama koko, yaro ya sha ya tafi da gyaɗa ko aya ko goruba a aljihu. Yanzu sai a miƙa masa kuɗin tara a ce ya saya a can. Ina roƙonki wata rana ki zo bakin makaranta idan an kaɗa ƙararrawar tara ki tsaya ki gani. Alawa ce, da biskit, da cingam, da lemon leda mai launi iri-iri, da askirim, da fanke, da cincin, da taliya da manja. Duk suna cika ciki, suna da daɗi a baki, ba su da tsada, amma kusan babu komai a cikinsu sai fulawa da sukari da mai. Yaro zai ƙoshi, jiki zai yi nauyi, jini kuwa babu.

Taliyar leda ma da muke kira indomi, wadda ta shigo ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1980, ta zama abincin dare a gidaje da yawa da teburin mai shayi. A 2023 an ci kusan ƙunshi biliyan 3 nata a Nijeriya. Ba guba ba ce, amma an soya ta da mai tun a masana'anta, ga gishiri mai yawa a cikin kayan ɗanɗanonta. In an ci jefi-jefi da ƙwai da ganye babu laifi, in ta kori tuwo da miyar kuka daga gida to an yi asara.

Na biyu shi ne abin sha mai zaƙi. Yawancin lemon kwalba na ɗauke da sukari wajen giram 10 a cikin kowace mililita 100. Watau robar nan ta rabin lita tana iya ɗaukar giram 50, kimanin ƙwaya goma ke nan na sukarin kwali. Ke da kanki za ki zuba wa ɗanki ƙwaya goma a kofi ɗaya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko babban mutum kada sukarin da yake sha a yini ya wuce wajen giram 50, in da hali ma ya tsaya a 25. Sharrin sukarin da aka sha a ruwa shi ne ba ya sa ƙoshi, yaro zai shanye roba guda ya kuma zauna ya ci abincinsa cif. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan abin sha a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Amma haraji ba ya shiga madafinki. Zoɓo da kunun aya da lamurje da muke haɗawa da hannunmu, in muka antaya musu sukari da gwangwani, ba su da maraba da na kwalba. Haka fura, wadda yanzu ake dama ta da yogot mai zaƙi a kuma ƙara sukari a kai.

Na uku shi ne suya. Mai ya ninka hatsi ƙarfi fiye da sau biyu in aka gwada su nauyi ɗaya. Wake abinci ne mai kyau, haka waken suya, haka dankali, amma idan kullum ƙosai ne da awara da soyayyen dankali, to man da suka sha shi ke taruwa.

Na huɗu shi ne zama. Ki tuna yadda muka tashi: ɗiban ruwa, daka, surfe, kai abinci gona, tafiya makaranta a ƙasa, da dare kuma gaɗa da 'yar gala-gala da carafke, maza suna langa da kokawa a dandali. Yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi, babur da adaidaita sahu sun karɓi tafiya, waya da gidan kallo sun karɓi dandali. Ba na cewa a koma wahala, amma jikin da ba ya motsi dole ya tara. Masana sun ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 kullum na motsin da zai sa shi gumi. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun haka, kuma abin ya fi yawa ga mata, kashi 85, maza kuwa kashi 78. A wurinmu ma haka na gani: da yarinya ta fara girma sai a ce ta daina tsalle-tsalle, ta zauna. Namiji yana can yana buga ƙwallo, ita tana ɗaki tana kallon fim.

Na biyar shi ne ƙarancin barci. Yaron firamare yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi kuma 8 zuwa 10. Wanda ya raba dare yana latsa waya yakan tashi da kwaɗayin zaƙi da kasala.

Akwai kuma gado. Gaskiyar kaka ce, ƙiba takan bi jini. Amma jinin gidanku bai canza ba daga zamanin kakanni zuwa yau, abin da ke cikin kwano ne ya canza. Ɗan gidan masu ƙiba shi ya fi kowa bukatar a kula da shi.

Sha-ka-fashe

Dole in keɓe wannan in yi magana a kansa, don laifinmu ne mu mata. Mun ɗauka cikar mace ita ce ƙiba. Yarinya siririya ba ta da sakat, a gidan biki a ce kamar ba a ba ta abinci, in aure ya matso a ce a gyara ta ta ciko. Daga nan sai ƙawa ta kawo mata ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Waɗansunsu maganin ƙaiƙayi da mura ne irin su cyproheptadine masu buɗe ciki da sa barci. Waɗansu kuwa, irin su dexamethasone, magunguna ne masu ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Wadda ta daɗe tana shan irin na biyun fuskarta takan kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, fata ta tsattsage. Yana jawo hawan jini da ciwon sukari, yana raunana ƙashi, yana kuma karya garkuwar jiki. Wannan ba ƙiba ba ce, ciwo ne aka saya da kuɗi. Idan kin gano 'yarki ta daɗe tana sha, kada ki sa ta daina farat ɗaya, don yin hakan ma haɗari ne. Ki kai ta wurin likita ya janye mata shi a hankali.

Me zai biyo baya?

Kada ki ce zai zube in ya girma. Wani nazari da masana a Jami'ar York ta Ingila suka buga a 2016 ya nuna fiye da rabin yara masu ƙiba suna shiga shekarun balaga da ita, kuma wajen kashi 80 cikin 100 na matasa masu ƙiba suna girma da abarsu. Tare da ita akwai ciwon sukari, da hawan jini, da kitse a hanta, da ciwon gwiwa, da minshari mai yanke numfashi wanda ke hana yaro barci mai kyau har ya yi ta gyangyaɗi a aji. Ga 'ya mace kuma akwai rikicewar al'ada, da wahala wajen goyon ciki da haihuwa. Ki tambayi duk wanda ke jinyar mai ciwon sukari yana zirga-zirga zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, zai gaya miki abin da yake kashewa kowane wata. Ban da wannan ga ciwon zuciyar da tsokana ke sa wa yaro. Yarinyar da na ba ku labari ta kai ga ba ta son fita allo don kada a yi mata dariya.

Abin da za mu iya yi

Maganin yana cikin rumbunmu. Ki ba yaro karin kumallo a gida kafin ya fita, ko da ɗumame ne ko kunu da ɗan ƙuli-ƙuli. Ki rage kuɗin tara, ki ƙulla masa dafaffen wake ko gyaɗa ko dabino ko mangwaro ko gwaiba, gwargwadon abin da lokaci ya kawo. Ki mai da ruwa abin shan gida, lemon kwalba kuwa sai ranar salla ko biki. Sukarin koko da zoɓo ki riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni harshe zai saba.

Ki dawo da dambu da fate da ɗanwake da kwaɗon zogale da na rama da tafasa. Gero da dawa da ba a cire musu dusa ƙwarai ba sun fi farar shinkafa da fulawa riƙe ciki. Ga wake kuma, naman talaka. A nan ƙasar Minjibir cibiyar binciken aikin gona ta IITA take da gonar gwaji inda ake inganta irinsa, masana daga ƙasashe suna zuwa dominsa, bai kamata a ce mu da ke nomansa mun raina shi ba.

Ki bar 'yarki ta yi wasa. Tsallen igiya da gaɗa a tsakar gida ba su zubar da mutuncin kowa ba. Ki karɓe waya idan an yi sallar isha'i. Mu ma malamai da namu laifin, mukan mai da darasin motsa jiki lokacin hutawarmu. Ya kamata mu gyara, mu kuma zauna da iyaye da masu talla a bakin makaranta, waɗanda yawancinsu 'ya'yanmu ne da maƙwabtanmu, a ga yadda za a ƙara dafaffen abu da 'ya'yan itace a farantansu ba tare da an kashe wa kowa sana'a ba.

Abu biyu nake gargaɗinki a kansu. Kada ki hana yaro abinci ko ki sa shi yunwa da sunan rage ƙiba, kada kuma ki saya masa shayin rage tumbi, domin yana cikin girma ne. Yawanci abin da ake so shi ne nauyin ya tsaya tsawo ya cim masa. Sa'an nan kada ki zage shi ko ki ware masa kwano daban, sai dai gidan duka ya canza tare. In kina shakka, ki kai shi Babban Asibitin Minjibir ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna shi. Mai ciki da mai shayarwa kuma a ba su abinci mai kyau, a ba jariri nono zalla wata shida, don daga nan ake fara rigakafin tsumburewa da ƙiba baki ɗaya.

Ita dai ɗalibata, uwarta ta daina ba ta kuɗi, tana ƙulla mata abinci daga gida, kuma da ƙafa take zuwa makaranta tare da ƙawayenta. Ba ta rame ba, ba a kuma so ta rame, amma makon jiya ta kai bakin katanga ba ta tsaya ba. Kakar har yanzu tana yi mini tsiya wai na hana jikarta shan daɗi, ni kuwa in ce mata, "Iya, so nake ta daɗe tana yi miki aike."

'Yan uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau da daddare ki nemi zare ki auna yaranki, gobe da safe kuma ki tambaye su abin da suke saya da kuɗin tara. Wadda ke da tambaya ko shawara sai ta rubuto wa wannan fili. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin. Sai mun sake saduwa.